Yadda ake ƙulla haɗin gwiwar bincike da zai sa a riƙa ambaton takardunka

Kusan duk zangon karatu sai wani ƙaramin malami ya shigo ofishina da kwamfutarsa a buɗe, ya nuna mini shafinsa na Google Scholar, inda ake jera takardun mai bincike da yawan ambatonsu, yana tambaya: takardu goma sha biyu, amma ambato bai wuce a ƙirga da yatsu ba, rabinsu ma shi ya ambaci kansa. Me ya faru? Idan na duba jerin sunayen da ke kan takardun, yawanci amsar tana nan. Ko dai shi kaɗai ne, ko kuma shi da mutum uku na sashensu waɗanda suka san abin da ya sani, suke karanta abin da yake karantawa, suka kuma rasa abin da ya rasa.

Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka a cikin nasa, ya sa sunan takardarka a jerin manazarta. Tun da Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙididdigar ambato a 1964 ake amfani da shi wajen auna tasirin aiki. Dangantakarsa da haɗin gwiwa kuwa an auna ta sau da yawa. A 2007 Wuchty da Jones da Uzzi sun duba takardu miliyan 19.9 na shekara hamsin, suka wallafa a mujallar Science cewa aikin gungu ya fi aikin mutum ɗaya samun ambato, kuma tazarar ƙaruwa take yi. Rahoton Royal Society ta Ingila na 2011 ya nuna cewa ambato na ƙaruwa da kowace ƙasa da ta shigo cikin takarda har zuwa wajen ƙasa goma, daga nan abin ya daina fitowa fili.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin laya. Yawan sunaye ba ya jawo ambato da kansa. Abu uku ne ke aiki a ƙasa: aikin kan fi inganci domin kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, labarin takardar kan isa kunnuwa da yawa domin kowane marubuci yana da jama'arsa, sannan kowane marubuci zai ambaci takardar a ayyukansa na gaba. Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa rarrabewa cikin sauƙi: ƙwararre shi ake rububin yin aiki da shi, don haka wani lokaci ƙwarewar ce ta jawo abokan da ambaton gaba ɗaya. Cikin abu ukun nan, na farko da na biyu su za mu nema.

Kayan aiki

Lambar ORCID, lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa. Kyauta ce, lamba 16, tun 2012 ake bayar da ita. Minti biyar ya ishe ka.

Shafi a Google Scholar, wanda aka tabbatar da adireshin imel na makarantarku.

Hanyar ƙirga ambato. Scopus ko Web of Science, manyan rumbunan ƙididdigar ambato, idan makarantarku tana biya. Idan ba ta biya, OpenAlex ya wadatar. Kyauta ne tun da aka buɗe shi a 2022, kuma ya fi su kwaso mujallun Afirka.

Manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing mai ƙirga ambato, da VOSviewer ta jami'ar Leiden mai zana taswirar alaƙar marubuta. Duka kyauta.

Zotero don tara manazarta, da jadawalin Excel ko makamancinsa.

Shafi ɗaya tak, da Turanci ko Faransanci, mai bayyana kai wane ne da abin da ke hannunka. Za mu zo kansa.

Mataki na 1: Gyara sunanka

Wannan na sa shi farko domin mu ya fi cutarwa. Muhammad Sani Abubakar zai fito a takarda ɗaya a matsayin Abubakar, M. S., a wata Sani, M. A., a ta uku Mohammed, S. A., sannan bayan ya gama digiri na uku ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Sai ta raba shi huɗu, kowanne da ɗan ambatonsa. Haka malama da ta fara wallafa da sunan mahaifinta ta koma na mijinta. Wanda kake son aiki da shi zai binciki sunanka kafin ya amsa maka, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na aikinka zai gani.

Zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta har ka yi ritaya. Shigar da sauran sigogin a shafinka na ORCID a gurbin da aka ware wa wasu sunaye, ka jawo duk takardunka ciki. A Google Scholar ka haɗe takardun da suka maimaitu, ka goge na wasu masu irin sunanka. Barin su yana kumbura lissafi, amma duk wanda ya lura ya daina yarda da kai. Scopus yana da fom na neman a haɗe bayanan marubuci, kuma ba sai makarantarku tana biya ba. Sunan makaranta ma haka: cikakke, iri ɗaya kullum, ban da taƙaitawa.

Mataki na 2: Auna inda kake tsaye

Buɗe jadawali. Kowace takarda layi ɗaya: shekara, mujalla, yawan marubuta, yawan cibiyoyi, yawan ƙasashe, matsayin sunanka, ambato gaba ɗaya, ambato ban da na marubutan kansu. Sai ka kasa takardun gida huɗu: wadda ka yi kai kaɗai, ta cikin makarantarku, ta haɗin gwiwa da wata cibiya a ƙasarku, da ta ƙetare.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, sa takardun bana da na bara cikin lissafi. Ambato yana da nawa. A yawancin fannoni sai an shekara biyu zuwa uku kafin ya kankama, a lissafi da fannonin adabi da tarihi ma ya fi haka. Ware su gefe. Na biyu, tara ambato a raba da yawan takardu. Per Seglen ya nuna tun 1992 cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na takardun mujalla su ke kwashe rabin ambatonta. Takarda ɗaya mai farin jini za ta ruɗe ka. Jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, shi ya fi faɗin gaskiya.

Idan takardunka ba su kai goma ba, jadawalin ba zai gaya maka komai game da kanka ba tukuna. Yi wa sashenku gaba ɗaya, ko ka yi wa takardu hamsin na fanninka da aka rubuta kan yankinku. Za ka ga waɗanne irin haɗuwa ne suke haifar da aikin da ake karantawa.

Mataki na 3: Rubuta abin da kake da shi da abin da ka rasa

Raba takarda biyu. A dama, abin da kake da shi wanda wani ba zai samu da sauƙi ba. Mutanenmu sukan raina wannan ɓangaren. Filin gwaji a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu ba. Bayanan marasa lafiya na shekara goma da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a yi aiki da su. Yardar masu unguwanni da manoma, wadda baƙo zai shekara bai samu ba. Harshe. Rubuce-rubucen ajami da kai kake iya karantawa. Ɗalibai masu neman aikin digiri na biyu.

A hagu, abin da ya hana takardarka ta ƙarshe shiga mujallar da ka so. Koma ga wasiƙun masu tantancewa da suka ƙi aikinka, domin su sun riga sun rubuta maka jerin. Samfuri ya yi kaɗan? Kana bukatar wasu wuraren gwaji. Nazarin alƙaluma ya yi rauni? Masanin ƙididdiga kake nema, kuma wataƙila yana ginin da ke kallon naku. Babu na'urar tantance ƙwayoyin gado? Ɗakin gwaje-gwaje kake nema.

Abokin da ya dace shi ne wanda damarsa ta cike hagunka, damarka kuma ta cike tasa hagun. Wanda kuka yi daidai da shi a komai abokin hira ne.

Mataki na 4: Nemo mutanen

Ɗauki takardu ashirin na shekara biyar da suka wuce waɗanda suka fi kusa da tambayarka. Ka fitar da sunayen da suka maimaitu. Idan kana son ganin abin a zane, VOSviewer yana iya jawo bayanai kai tsaye daga OpenAlex ya zana maka taswirar wa ke aiki da wa; za ka ga gungu-gungu, da mutanen da ke tsakiya suna haɗa gungu biyu. Irin waɗannan na tsakiyar sun saba aiki da baƙi.

Kada ka nufi babban farfesan da sunansa ke ƙarshen kowace takarda. Wasiƙunsa sun fi ƙarfinsa. Nemi wanda sunansa ke farko, wanda ya gama digiri na uku shekara uku zuwa takwas da suka wuce. Yana bukatar sabon aiki kamar yadda kake bukata, kuma shi zai zauna ya yi aikin da hannunsa.

Kada kuma ka ɗauka ƙetare yana nufin Turai ko Amurka kawai. Mai binciken gero ko wake a Kano ko Zariya yana da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano, da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, ga cibiyar ICRISAT ta Sadore kudu da Yamai, ga INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Gwaji ɗaya da aka maimaita a Katsina da Maraɗi ya zama na ƙasa biyu, sakamakonsa ya fi ƙarfi, kuma zai shiga hannun masu karatu da Turanci da masu karatu da Faransanci, waɗanda sau da yawa ba sa ganin aikin juna. Mota ce kawai tsakaninku, ba biza ba.

Idan babu kuɗin zuwa taro, duba tallafin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, in kana Najeriya, da guraben ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS da ke Trieste a Italiya, wadda aka kafa don masu bincike na ƙasashe masu tasowa. In duk ba su samu ba, tarukan da ake yi ta intanet suna nan. Yi tambaya ɗaya mai ma'ana bayan jawabi, washegari ka bi ta da wasiƙa.

Mataki na 5: Wasiƙar farko

Gajera. Abin da za a karanta a waya ba tare da an gaji ba. Jimla ɗaya kan wane ne kai. Jimla biyu kan takardarsa da ka karanta, da wani abu takamaimai a cikinta, misali cewa duk wuraren gwajinsa masu ruwan sama da yawa ne. Jimla biyu kan abin da ke hannunka da zai cike wannan giɓin. Sai tambaya ɗaya: ko zai ba ka minti ashirin ku yi magana? Ka liƙa shafin nan guda ɗaya da lambar ORCID.

Gaisuwa mai tsawo da muka saba, da kirarin cewa shi ne fitilar fanninsa, ka ajiye su. Kada ka nemi kuɗi, ko gurbin karatu, ko ya sa sunanka a takardarsa. Kada ka aika wasiƙa iri ɗaya ga mutum talatin. Ana ganewa daga layin farko. Yi amfani da imel na makaranta idan yana aiki, domin wasiƙa daga adireshin da ba a sani ba takan faɗa kwandon shara tun kafin ido ya gan ta.

Shiru ba ƙi ba ne. Bayan mako biyu ka sake taɓawa sau ɗaya, sannan ka wuce ga na gaba. Ni dai wasiƙun da na rubuta aka yi shiru sun fi waɗanda aka amsa yawa nesa ba kusa ba, kuma waɗanda aka amsa ɗin sun ishe ni aiki.

Mataki na 6: Fara da ƙaramin abu

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ku rubuta neman tallafin shekara biyar, ku yi abin da zai ƙare cikin wata shida: sake nazarin bayanan da suke hannu, takardar bita kan abin da aka sani a fannin, ko ɗalibi ɗaya da za ku duba tare. A nan za ka san ko yana amsa wasiƙa, ko yana cika alkawari, ko yana sauraro idan ka ce wannan ba zai yiwu a ƙauye da damina ba. Shi ma yana auna ka. Idan ka ce Alhamis, ya zama Alhamis.

Takardar bita tana da wani amfani: irinta ta fi takardar gwaji samun ambato a yawancin fannoni. Amma a lissafinka na gaba ka ware ta daban, don kada ka ɗauka haɗin gwiwar ce ta yi abin da nau'in takardar ya yi.

Mataki na 7: Ku rubuta yarjejeniya tun kafin a ɗebi samfuri ko ɗaya

Tun ran gini ran zane. Wannan matakin shi mutane suke tsallakewa saboda kunya, kuma shi ne ke kashe zumunci daga baya.

Na taɓa kwashe damina biyu ina tara samfuri da bayanai ga wasu abokan aiki na waje. Ni na nemo izini, ni na shawo kan mutanen gari, ɗalibaina suka sha rana. Ba mu rubuta komai ba, don ina ganin mutunci ya wuce takarda. Da aikin ya fito, sai na tsinci sunana a sakin godiya na ƙarshe, tare da direba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takardar tana ta samun ambato har yau, ko ɗaya ba ya shiga lissafina. Ba zan ce mugunta ce zalla ba. Ban zauna an yi nazarin da ni ba, ban nemi a turo mini daftari ba, su kuma ba su tayar da maganar ba.

Ga abin da shafi ɗaya ko biyu na yarjejeniya zai ƙunsa. Takardu nawa ake sa ran fitarwa, wa zai jagoranci kowacce. Idan biyu ne, ɗaya ta zama taka ce kai ne na farko. Jerin sunaye, da sharaɗin cewa zai iya sauyawa idan aikin wani ya ƙaru ko ya ragu. Wa ke riƙe da bayanai, wa ke da ikon sake amfani da su. Wa zai biya kuɗin wallafawa. Me za a yi idan wani ya yi shiru wata uku.

Don kada gardama ta zama ta son rai, ku jingina da ƙa'idar da aka sani. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya sa sharaɗi huɗu, kuma dole a cika duka: gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tara bayanai ko nazarinsu; hannu a rubutun ko gyara shi gyara mai zurfi; amincewa da sigar ƙarshe; da ɗaukar alhakin aikin. Lura da na biyun. Tara samfuri kaɗai bai isa ba, shi ya sa za ka rubuta a yarjejeniya cewa dole a turo maka daftari a ba ka lokacin gyara. Ƙa'idar da kanta ta ce wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran. Tsarin CRediT kuma ya kasa aikin bincike gida 14, mujallu da yawa suna neman a faɗi wanda ya yi kowanne. Ku cike shi tun farko da fensir.

Ma'anar jerin sunaye ta bambanta. A likitanci da kimiyyar halittu, na farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne jagora. A lissafi da tattalin arziki akan bi haruffa ne. Tambayi abokinka al'adar fanninsa, sannan ka duba yadda kwamitin ƙarin girma na makarantarku yake raba maki, domin wasu suna rage makin takarda mai marubuta da yawa. Gara ka sani tun yanzu.

Idan samfuri zai ƙetare iyaka, ana bukatar takardar yarjejeniyar miƙa kaya tsakanin cibiyoyin biyu, da amincewar kwamitin ɗa'a a ƙasarku, ba a tasu kaɗai ba. Tsirrai da ƙwayoyin halitta kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin irin waɗannan albarkatu, wadda ta fara aiki a 2014. Kana da abin dogaro idan aka so a yi maka shigo-shigo ba zurfi: ƙa'idar TRUST ta 2018 kan bincike a wuraren da ba su da wadata, da matsayin da mujallun Nature suka ɗauka a 2022 na neman marubuta su bayyana yadda aka sa masu binciken gida cikin aikin.

Mataki na 8: Riƙe aikin

Ganawa sau ɗaya a wata, rana tsayayya, ko da minti goma sha biyar ne. Bayan kowace ganawa wani ya rubuta layi biyar: wa zai yi me, zuwa yaushe. Daftari guda ɗaya a wuri guda da kowa ke iya shiga, ba kwafi bakwai masu yawo a imel ba. Idan yajin aiki ko rashin wuta ko rashin tsaro a hanyar filin gwaji zai jinkirta ka, faɗa da wuri. Jinkiri ana jure shi. Ɓacewa ce ba a jurewa.

Ka nace a yi nazarin bayanai da kai, ko ta allo ne. A nan ake koyon abin da zai sa takarda ta gaba ka iya jagorantarta.

Mataki na 9: Zaɓen mujalla

Tambayar ita ce: mutanen da nake so su ambace ni, me suke karantawa? Duba manazartar daftarinku. Mujallar da ta fito sau uku ko huɗu a ciki, can masu karatunku suke. Tabbatar tana cikin Scopus ko Web of Science ko DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, kuma tana ba kowace takarda lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet; takarda marar DOI wahalar ƙirga ambatonta ake yi. Mujallun gida da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, suna da amfani, musamman ga aikin da masu tsara manufa na gida za su karanta, amma ka duba waɗannan abubuwan a kansu su ma.

Mujallar da ta aiko maka da gayyata tana yabonka, ta yi alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka biya, guje ta. Aikin shekara biyu na mutum biyar zai shiga rami. Idan kuɗin wallafawa a mujallar kirki ya fi ƙarfinku, nemi rangwame tun lokacin miƙa takarda, ba bayan an karɓa ba. Wasu mawallafa suna duba ƙasar marubucin da ke musayar wasiƙa da mujalla ne kafin su yafe kuɗi, wasu kuma sai duk marubutan sun cancanta. Karanta sharaɗin kafin ku yanke wa zai riƙe wannan matsayi. Ko kuma ku buga a mujallar da ba ta karɓar kuɗi daga marubuci, ku ajiye sigar da aka amince da ita a rumbun makaranta idan mujallar ta yarda.

Mataki na 10: Bayan an buga

A nan ne amfanin yawan kunnuwa yake fitowa, amma ba ya fitowa da kansa. Kowane marubuci ya aika takardar ga mutum goma da ya san suna aiki a kan batun, da layi biyu na abin da aka gano. Kowa ya gabatar da ita a taron da yake zuwa. Idan akwai abokan Nijar ko Kamaru ko Chadi, a yi taƙaitawa da Faransanci. Bayanan da ba su da sirri a ajiye su a Zenodo, rumbun ajiyar bayanan bincike na intanet, su ma za su sami DOI, wanda ya yi amfani da su kuma zai ambace ku.

Gargaɗi kan gajerun hanyoyi. Akwai sa-ni-in-sa-ka, inda abokai biyar kowa ke sa sunan sauran a takardarsa. Akwai sa sunan shugaban sashe don girmamawa. Akwai ƙungiyar ambaton juna, har da masu sayar da gurbin suna a takarda. Duk suna kumbura lamba na ɗan lokaci. Amma sunanka a kan takarda yana nufin ka ɗauki alhakinta. Ranar da aka janye ta saboda an gano alƙaluman ƙarya, da kai za a janye, kuma sanarwar janyewa ba ta gogewa. Clarivate, kamfanin da ke da Web of Science, kan cire mujallu daga jerinsa saboda ambaton juna da ya wuce kima. Maganar shugaban sashe kuwa, hanyar da na ga tana aiki ba tare da ɓacin rai ba ita ce a kai masa daftari tun da wuri a ce, ranka ya daɗe, ga inda muke bukatar hannunka. In ya yi aikin, ya cancanta. In bai samu lokaci ba, yawanci da kansa zai ce a sa shi a godiya.

Mataki na 11: Sake aunawa bayan shekara uku

Koma ga jadawalin mataki na 2 ka ƙara sababbin takardu. Cire ambaton da kowane ɗaya daga cikin marubutan ya yi, ba naka kaɗai ba. Takarda mai marubuta takwas tana da baki takwas masu ambaton kansu. Scopus da Web of Science suna da maɓallin cire ambaton kai. A Google Scholar sai ka bi da hannu.

Kwatanta takarda da sa'o'inta: fanni ɗaya, shekara ɗaya, nau'i ɗaya. Ambato goma a lissafi ba daidai yake da goma a nazarin cutar daji ba. Scopus yana nuna wani ma'auni da ake kira FWCI a shafin kowace takarda, inda 1.0 ke nufin daidai da matsakaicin duniya na irinta, 2.0 kuma ninki biyu. Idan ba ka da Scopus, ɗauki takardu ashirin da suka fito a mujalla ɗaya a shekara ɗaya da taka, ka ga inda taka ta faɗo a cikinsu.

Takardun manyan ƙungiyoyi ka ware su gefe guda. A 2015 an buga takarda kan nauyin ƙwayar Higgs a kimiyyar fiziks, mai marubuta 5,154, kuma a fannin lafiya akwai masu ɗaruruwan sunaye. Shiga irinsu ba laifi ba ne, ana koyon abubuwa, amma dubban ambatonsu ba sa faɗin komai game da kai, kuma masu ba da tallafi sun san haka. Binciken Wu da Wang da Evans a mujallar Nature a 2019, kan ayyuka sama da miliyan 65, ya nuna manyan gungu sun fi ƙwarewa wajen faɗaɗa abin da aka riga aka sani, ƙanana kuma su suka fi kawo sabon abu da ke sauya alƙibla. Don haka kada ka watsar da aikin mutum biyu ko uku da tambayar taku ce.

Sai ka ƙara ginshiƙi biyu a jadawalin waɗanda babu manhajar da za ta cike maka. Na farko: su wa suka ambace ka, daga ina? Buɗe takardun ka gani. Idan sunaye ne da ba ka sani ba daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, haɗin gwiwar ta kai aikinka inda kai kaɗai ba za ka kai shi ba. Na biyu: a takardun haɗin gwiwar nan, sau nawa sunanka ya zo farko ko ƙarshe? Idan bayan takarda huɗu da abokin nan har yanzu kana tsakiya, ɗauko yarjejeniyar mataki na 7 ka nemi ganawa, ka zo da tambayar bincike ta biyar a rubuce da sunanka a sama.